Aya Sofiya ko Kariye: in kwana ɗaya ya rage maka a Santambul ina zaka nufa?

Yawancin mutanenmu dake zuwa Santambul sari ne ke kai su, unguwannin kasuwa irin su Laleli, Merter, Osmanbey, ko asibiti, ko an raka yaro makaranta, kuma kusan labarin kowa ɗaya ne, sai an gama ɗaure kaya an miƙa wa 'yan kago sannan mutum ya waiga ya ga kwana ɗaya tak ya rage jirgi ya tashi, toh yau ina za a leƙa? Duk wanda ka tambaya a otal zai ce maka Aya Sofiya, kuma bai yi ƙarya ba. Amma akwai wani wuri can jikin tsohuwar ganuwar birnin da ake kira Kariye, da unguwannin dake gangare da shi, Balat da Fener, wanda nake so ka ɗora a sikeli kafin ka fita, domin rana ɗaya bata isa a yi wa biyun adalci, dole ɗaya ya samu yinin ɗaya ya samu ragowa.

Abin da ya haɗa su shi ne dukkansu Rumawa ne suka gina su a matsayin coci tun garin na hannunsu, dukkansu sun koma masallaci bayan Turkawa sun ci garin, an maida su gidan tarihi a ƙarnin da ya wuce, yanzu kuma an sake maida su masallaci. Daga nan kuma kowa ya kama gabansa.

Aya Sofiya girma ne. Sarki Jastiniyan ne ya sa aka fara ginin a shekarar 532 bayan wata tarzoma ta ƙone cocin dake wurin, aka gama a 537, kaga kenan an gama shi tun kafin a haifi Manzon Allah (SAW), kuma har yau yana tsaye. Kubbar tsakiya ta kai wajen mita 55 daga ƙasa, faɗinta wajen mita 31, ta farkon ma ta rufta a 558 bayan girgizar ƙasa aka sake ɗora wata aka gama a 562. Da Sultan Muhammad Alfatih ya ci garin a 1453 nan ya fara maidawa masallaci, daga baya aka yi ta ƙara hasumiyoyi da tokare bangon ta waje don kada nauyin kubba ya tura shi, babban maginin nan Sinan na cikin waɗanda suka yi aikin. In ka shiga ka ɗaga kai zaka ga manyan faifai na katako a rataye, kowane ya haura mita bakwai, an rubuta sunan Allah da na Annabi da halifofi huɗu da Hasan da Husaini da ruwan zinare, waɗannan a gyaran 1847 zuwa 1849 aka saka su. Ka lura da mihrabin kuma, bai zauna daidai tsakiya ba, ya ɗan karkata dama, saboda ba don alƙibla aka yi ginin ba tun asali, sahun gaba ɗaya a ɗan karkace yake da bangon.

Wallahi duk abin da zan faɗa a ƙasa ba zai rage wa wannan gini komai ba, mutum ya tsaya ƙarƙashin kubbar nan sai ya ji ya ƙanƙance. Matsalar ita ce yadda shiga ta koma. An maida shi masallaci a watan Yulin 2020, sannan daga Janairun 2024 aka raba ƙofa, ƙasa na masallata ne, masu yawon buɗe ido 'yan ƙasar waje kuma su biya Yuro 25 su bi ta wata ƙofar daban su hau bene. A benen nan ne tsofaffin hotunan suke, irin waɗanda ake jerawa da 'yan mitsi-mitsin duwatsu da gilasai masu ruwan zinare, mozayik ake ce musu, akwai na sarauniya Zoyi da mijinta, akwai na sarki Yohana Komnenos da matarsa, akwai kuma wanda ya fi su shahara na wajajen 1261 wanda rabinsa na ƙasa ya zube amma fuskokin da suka rage kamar zasu yi magana. Sai dai ba su da yawa, kana iya ƙirga su da yatsun hannu, kuma zaka gan su ne cikin turereniya, na baya na matsa ka na gaba ya tsaya ɗaukar hoto, ga layi tun daga waje wanda da rani yakan miƙe cikin rana, ga ƙarafan masu gyara da suka tare wani sashen saboda aikin da ake yi wa ginin. In kai musulmi ne kuma sallah ta kawo ka, lokacin sallah zaka shiga ta ƙofar masallata ba ko sisi, ka yi sallarka ƙarƙashin kubbar ka zauna ka kalli abin kallo, kuma a wurina wannan ya fi hawa benen armashi nesa ba kusa ba. Riƙe wannan maganar domin ita ce zata warware maka rabin zaɓin.

Kariye kuma ɗan ƙaramin gini ne, in ka zo ta lungun baka ma san ka iso ba sai ka gan shi a gabanka, jan bulo da 'yan kubbobi shida da hasumiya ɗaya siririya. Ginshiƙin abin da ake gani yau na ƙarni na 11 da na 12 ne, amma wanda ya maida shi abin da ya zama wani babban wazirin sarki Andronikos na biyu ne mai suna Tiyodor Metokites, malami ne masanin taurari kuma mai kuɗin gaske, shi ya zuba dukiyarsa tsakanin wajajen 1315 zuwa 1321 ya ƙara ɗakuna ya sa aka lulluɓe bango da rufi da hotuna. Yana nan ma a jikin bangon, saman ƙofar da zata shigar da kai babban ɗaki, ya durƙusa cikin wata riga mai zanen ganye da ƙatuwar hula mai ratsi-ratsi da ta ninka kansa girma, ya tallabo ɗan samfurin ginin da hannu biyu yana miƙawa. Abin da ke taɓa ni in na kalle shi shi ne sanin abin da ya biyo baya, a 1328 jikan sarkin ya kifar da kakansa, aka ƙwace dukiyar wazirin aka rushe gidansa aka kore shi daga garin, da ƙyar aka bar shi ya dawo ya ƙare rayuwarsa a wannan wurin da ya gina, ya mutu a 1332 aka binne shi a ciki.

Bambancin da Aya Sofiya shi ne a nan rufin yana kusa da kai. Ba sai ka ja hoto da waya ba, da idonka zaka ga kowane ɗan dutse, ka ga yadda aka ɗan karkata na zinaren don su kama haske, ka ga ninkin riga da jijiyar hannu. Kuma labari ne ake ba ka daki-daki daga wannan kusurwa zuwa waccan, ba hoton sarakuna a tsaye ba kawai. A zauren ciki tarihin Nana Maryamu ne tun daga haihuwarta, akwai inda take 'yar ƙarama tana takun farko ta miƙa hannu wajen mahaifiyarta wata mai reno na biye da ita a baya, akwai inda aka kai ta ɗakin ibada aka damƙa wa Zakariyya, akwai inda take zaune mala'ika na miƙo mata abinci. Duk wanda ya yi karatun Suratu Ali Imrana zai tsaya cak a nan, domin ya san inda aka ce duk sanda Annabi Zakariyya ya shiga wurinta sai ya tarar da abinci a gunta. Har sandunan da aka jera don a fidda wanda za a ba shi ita suna nan, ko da yake a ruwayar Kiristoci maganar wanda za a ɗaura mata alkawari da shi ce, a tamu kuma jefa alƙaluma aka yi kan wanda zai riƙe ta. A ɗakin gefe na dama, inda makabartar take, ba duwatsu bane fenti ne a kan ɗanyen shafe, can ƙurya an zana abin da Kiristoci suka yi imani da shi na Almasihu cikin fararen kaya ya kamo Adamu da Hauwa'u ta wuyan hannu yana fizgo su daga kabari, ƙarƙashin ƙafarsa ga karyayyun ƙofofi da kwaɗo da makullai da ƙusoshi a warwatse, a rufin kuma ranar hisabi ce, wani mala'ika ya ɗauko sama ya naɗe ta da rana da wata da taurari a jiki, wanda shi ma zai tuna maka ayar Suratul Anbiya.

A nan sai na tsaya na faɗi gaskiya, domin na san mutanenmu. Akwai wanda zuciyarsa ba zata natsu da kallon hoton da aka ce na annabawa ne ba, kuma wannan ba abin da za a yi masa gardama bane. In kana cikinsu toh Kariye bata da abin da zata baka da yawa, domin hotunan su ne wurin, in ka cire su ɗan masallacin unguwa ne kawai, kar ka ɓata Yuro 20 ɗinka na kuɗin shiga. Aya Sofiya ta ƙasa ta fi dacewa da kai, can ginin ne abin kallo kuma hotunan dake saitin alƙibla an sa musu labule. Wanda kuma yake kallon abin a matsayin tarihi da aikin hannun mutanen da suka shuɗe da yadda suka fahimci addininsu, ko ɗan'uwa Kirista da yake son ya ga labaran da ya taso da su a jikin bango tun shekara 700 da suka wuce, babu inda zai samu irin wannan a duk garin. Wani waziri Atik Ali Fasha ne ya maida shi masallaci a farkon ƙarni na 16, aka rufe hotunan da shafe, a 1945 aka maida shi gidan tarihi, daga 1948 ƙwararru daga Amurka suka yi shekaru suna kankare shafen a hankali, sannan a watan Mayun 2024 aka sake buɗe shi masallaci bayan dogon gyara. Babban ɗakin tsakiya ne wurin sallah, zaurukan da ɗakin gefe na masu ziyara.

Toh amma ni abin da ya sa nake karkata ga Kariye ba ginin kaɗai bane, abin dake kewaye da shi ne.

Unguwar Sultan Ahmad inda Aya Sofiya take, komai a tafin hannu yake. Ka tsallaka fili ga masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida wanda aka fara a 1609, shiga kyauta, ga dogon dutsen Fir'aunan Masar da aka kafa a filin sukuwa tun 390, ga tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa mai ginshiƙai 336, ga fadar Topkapi a baya inda ake ajiye da kayan da ake dangantawa ga Manzon Allah da sahabbai. Babu inda zaka samu manyan abubuwa a cunkushe haka. Sai dai unguwa ce da kusan babu 'yan gari a cikinta, otal ne da shagon darduma da gidan abinci mai tsadar tsiya, duk wanda ya yi maka sallama da fara'a akwai abin da yake son sayar maka, kuma a irin wuraren da baƙi ke taruwa ne ake yin dabarar nan ta mai goge takalmi da zai yar da buroshi a gabanka, ka ɗauka ka miƙa masa don Allah ya ce sai ya goge maka na godiya, ƙarshe ya tsare ka da kuɗi. Kowane wuri kuma da nasa tikitin da nasa layin, in ka ce zaka shiga uku kawai aljihu zai ji a jikinsa.

Ɓangaren Kariye kuwa gari ne da mutane ke kwana su tashi a ciki. Kana sauka a Edirnekapi, ɗaya daga ƙofofin tsohon birnin, ganuwar ce zata fara tarbarka, wadda aka gina zamanin sarki Tiyodosiyus na biyu a farkon ƙarni na 5, in ka san badalar Kano toh ka ƙaddara irinta ce amma ta dutse da bulo, ninki biyu, da hasumiyoyin tsaro a jere, ita ta tsare birnin shekara dubu, kuma ta wannan ƙofar ake cewa Alfatih ya shiga ranar 29 ga Mayun 1453, akwai allon dutse a jiki da ya faɗi haka. Dab da ƙofar ga masallacin Mihrimah 'yar Sultan Sulaiman, aikin Sinan ne na wajajen 1560, tagogi ne ko ta ina har haske ya yi yawa a ciki, kuma sau da yawa zaka tarar da shi shiru daga kai sai tsofaffi biyu uku. Daga nan minti goma a ƙafa kana Kariye. Ka fito ka bi jikin ganuwa zaka ga ragowar fadar Rumawa da ake kira Tekfur, gefenta ne aka saba cin kasuwar tattabaru a ƙarshen mako, masu kiwo sun san daɗin da nake nufi, mutum ya kamo tattabara ya buɗe fiffike ya hura gashin ƙirji ana ciniki ƙasa-ƙasa.

Sai gangara zuwa Balat. Nan unguwar Yahudawa ce a da, musamman waɗanda aka koro daga Andalus a 1492 Sultan Bayazid na biyu ya karɓe su, har yau tsohon wurin ibadarsu na Ahrida na nan duk da kusan duk sun tashi. Lunguna ne matsattsu masu daɓen dutse, gidaje masu hawa uku da baranda ta turo kan hanya, an ja igiyar shanya daga wannan taga zuwa ta maƙwabci, kyanwoyi kwance kan kowace dakali an ajiye musu ruwa a gindin bango. Ka ɗan tsaya kusa da mai kanti zaka ga wata tsohuwa ta zuro kwando da igiya daga hawa na uku da kuɗi a ciki, yaron kanti ya fito ya saka burodi ya ɗaga kai ya yi mata magana ta janye abinta. Akwai layuka biyu uku da aka yi wa gidajen fenti kala-kala inda 'yan Instagram ke cika, nan kam shayi ma ya yi tsada, ka wuce su da lungu ɗaya kawai farashi ya dawo na 'yan gari.

Fener na manne da ita, unguwar Girkawa, kuma ga Kirista nan ne ya fi Sultan Ahmad komai domin coci-cocin nan ana ibada a cikinsu har yanzu. Fadar babban limamin Kiristoci 'yan ɗariƙar Otodoks tana nan a cocin Sen Joj tun wajajen 1600. Can saman tudu kusa da jar makarantar Girkawa da zaka hango daga ko ina akwai wani ƙaramin coci na ƙarshen ƙarni na 13 da ake kira Maryamu ta Mongol, sunan ya samo asali daga wata 'yar sarkin Rum da aka aurar wa sarkin Mongol ta dawo gida bayan ya mutu, shi kaɗai ne cocin zamanin Rumawa a garin da aka ci gaba da ibada a cikinsa har yau ba a taɓa maida shi masallaci ba, saboda takardar kariya da Alfatih da kansa ya bayar. Yawanci a rufe yake sai ka danna ƙararrawa ka jira ko mai gadi zai buɗe. A bakin ruwa kuma ga cocin 'yan Bulgeriya na ƙarfe zalla, a Biyana aka ƙera shi gunduwa-gunduwa aka kawo ta jirgin ruwa aka harhaɗa a 1898, ka ƙwanƙwasa bangon da yatsa zaka ji.

Abin da ya rufe min baki gaba ɗaya shi ne inda hanyar ke ƙarewa. Daga bakin ruwan Balat ka hau tiram, wato jirgin ƙasa na cikin gari, layin T5, tasha kaɗan kana Ayyub Sultan, inda kabarin Abu Ayyubal Ansari yake, sahabin da Manzon Allah (SAW) ya sauka a gidansa da ya isa Madina, ya fito yaƙin wannan birni da tsufansa zamanin Mu'awiya ya rasu aka binne shi kusa da ganuwa. Ka yi la'asar ko magariba a nan cikin iyalai da yara da tsofaffi. Wata Hajiya da muka haɗu da ita a farfajiyar ta ce min, "Ɗana, duk zuwan da nake garin nan sari ba wanda ya taɓa gaya min nan kusa ne haka." Na ce, "Hajiya ai ga shi Allah ya kawo ki," ta ce in ta koma sai ta gaya wa ƙawayenta na kasuwa.

Yanzu maganar ƙafa, domin ita ce zata yanke wa da yawa hukunci. Sultan Ahmad shimfiɗe take, daga Laleli tiram T1 zai sauke ka a bakin filin cikin 'yan mintuna, akwai bencina akwai inuwa, in kana tare da Baba ko Inna masu ciwon gwiwa, ko mai jinya da aka sallamo, ko mai goyo da keken jariri, kar ma ka yi dogon tunani ku tafi can, ku yi sallah a ƙasa ku bar benen domin hawansa gangaren dutse ne mai santsi. Hanyar Kariye tana son lafiyayyen mutum da takalmi mai taushi, kuma don Allah ka fara daga sama ka gangaro, wanda ya fara daga Balat ya ce zai hau zuwa Kariye zai isa a jigace babu sauran marmarin kallo. Daga Laleli ka hau T1 ta ɓangaren Bagcilar ka sauka a tashar Topkapi, wadda bata da alaƙa da fadar Topkapi suna ne kawai ya zo ɗaya, ka canza zuwa T4 ka sauka Edirnekapi, duka da kati ɗaya na biyan kuɗin sufuri da ake kira Istanbulkart. Dawowa T5 zai kai ka Eminonu ka kama T1.

Lokaci ma haka, in awa uku zuwa huɗu gare ka kafin mota ta zo ɗaukarka zuwa filin jirgi, Sultan Ahmad ce, domin filin jirgin da nisa kuma cunkoson garin baya da tabbas. In yini guda ne cur tun safe, ni dai Kariye zan ce maka, kuma ba sai ka rasa Aya Sofiya ba, tunda tana kan layin otal ɗinka, ka je ka yi asuba a can kafin garin ya tashi, ba layi ba tikiti, ka karya da simit, burodinsu mai kamar zobe da riɗi a jiki, da shayi, ƙarfe tara kana Edirnekapi. Kuɗin shiga da na faɗa na 2024 ne ka duba ko sun motsa. Mata su riƙe mayafi kowa kuma ya sa suturar da ta rufe gwiwa da kafaɗa a duka biyun, mu dai wannan ba matsalarmu bace. Ranar Juma'a ce kawai lissafin ke juyawa, Kariye bata karɓar masu ziyara ranar, Aya Sofiya ma sai bayan an sauko, don haka in Juma'a ce ta rage maka ka yi sammako ka samu sahu a Aya Sofiya ko Ayyub Sultan, da yamma ka zaga Balat. In Talata ce kuma fadar Topkapi a rufe take, wanda ya ƙara rage wa Sultan Ahmad nauyi a ranar.